Shirya Ɗakin Ajiyar Kayan Gwari Kafin A Girka Injin Sanyaya: Bayani Ga Manoma Da Jami'ai A Ƙaramar Hukumar Danja

Gabatarwa

Ƙaramar Hukumar Danja, wadda ke kudancin Jihar Katsina a kan iyaka da Jihar Kaduna, ta daɗe da yin suna wajen noman tumatir da tattasai da rake, baya ga masara da dawa da ake nomawa a ɗaukacin yankin Funtua da Malumfashi. Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin rani ke nuna kusan a tare a fadamun Danja da Dabai da Tandama da Kahutu, kaya sukan yi wa kasuwa yawa, farashi ya faɗi warwas. Manomin da ya kawo kwandunansa ba shi da ikon cewa zai koma da su gida ya jira gobe, domin tumatirin da ya wuni a rana ba ya jiran kowa. Dillali ya san da haka, direban motar da za ta tafi kasuwar Mile 12 ta Legas shi ma ya san da haka, saboda haka farashin da aka yanka da la'asar shi manomi ke karɓa, ko yana so ko ba ya so.

Wannan ne ya sa ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa da masu hannu da shuni ke ƙara sha'awar mallakar ɗakin sanyi, musamman tun da farantan sola suka yawaita a karkara. Sai dai akwai wani kuskure da ake yawan tafkawa, wato a kashe mafi yawan kuɗin wajen sayen inji, sannan a kai shi a liƙa a jikin wani shago ko sito da aka gina domin ajiye buhunan hatsi. Sakamakon da ke biyo baya sananne ne: inji ya yi ta aiki dare da rana ba hutu, sanyi bai kai yadda ake so ba, bango ya fara gumi, kaya su yi funfuna, daga ƙarshe injin ya ƙone, kuɗin jama'a ya salwanta. Manufar wannan bayani ita ce a fayyace ayyukan da ya wajaba a kammala a jikin ɗakin kafin a sayi inji, domin ingancin ɗaki shi ne ke tantance girman injin da za a saya, da wutar da zai ci, da kuma tsawon rayuwarsa.

Aikin Da Injin Sanyaya Ke Yi

Da farko ya kamata a fahimci yadda injin ke aiki. Aikinsa shi ne ya kwashe zafin da ke cikin ɗaki ya zubar da shi a waje, kamar yadda injin ban ruwa ke zuƙo ruwa daga rijiya ya zuba a kwami. Idan mutum yana kwalfe ruwa daga kwalekwale mai huji, komai ƙarfinsa zai gaji kafin ruwan ya ƙare. Haka injin yake a ɗakin da zafi ke kwararowa ta ko'ina.

Zafi yana shiga ɗakin ajiya ta hanyoyi huɗu. Ta farko ita ce ta jikin bango da rufi da daɓe. Ta biyu ita ce ta ƙofa da duk wata kafa da iska ke bi. Ta uku ita ce zafin gona, wato ɗumin da kaya suka ɗauko daga rana kafin a shigo da su. Ta huɗu kuwa ita ce numfashin kayan da kansu, domin tumatir da tattasai da kabeji rayayyu ne ko bayan an tsinke su, suna numfashi suna fitar da ɗumi. Masana sun tabbatar da cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin wannan numfashi sau biyu zuwa uku, kuma gwargwadon saurin numfashi gwargwadon saurin lalacewa. Shirya ɗaki yana magance hanyoyi biyu na farko, kyakkyawan tsarin tsinka da shigar da kaya kuma yana rage sauran biyun.

Mataki Na Farko: Tantance Kayan Da Za A Ajiye

Ba kowane kayan gwari ne ke son sanyi iri ɗaya ba, don haka wajibi ne a zauna a tsayar da shawara a kan abin da za a riƙa ajiyewa tun kafin a kira magini.

Tumatirin da ya ƙosa amma bai yi ja ba yana son sanyin digiri 13 zuwa 15 a ma'aunin Salsiyos. Idan aka saka shi a sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 na kwanaki, sanyin zai yi masa illa: ba zai nuna da kyau ba, jikinsa zai yi tabo, ya ruɓe da zarar an fito da shi. Tumatirin da ya riga ya yi ja yana jure digiri 8 zuwa 10. Tattasai da attaruhu suna son digiri 7 zuwa 10. Kabeji da karas da latas suna son sanyi mai tsanani, daga digiri 0 zuwa 2. Dukkan waɗannan suna buƙatar iska mai laima sosai, kimanin kashi 90 cikin ɗari ko sama da haka, don kada su yanƙwane.

Albasa kuwa al'amarinta daban ne. Tana son busasshiyar iska, mai laimar da ba ta wuce kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ba, kuma matsakaicin sanyi irin na tumatir shi ne ke sa ta tsiro. Saboda haka kada a haɗa albasa da tumatir a ɗaki guda. Rumbu ko rumfa mai wadatar iska ta fi wa albasa alheri a kan ɗakin tumatir. Har ila yau, nunannen tumatir da mangwaro da ayaba suna fitar da wata iska mai suna etilin, wadda ke gaggauta nunar abin da ke kusa da su, ta kuma sa ganyen kabeji da latas ya yi ɗorawa, karas ya yi ɗaci.

Akwai gaskiyar da ya dace kowa ya sani tun da wuri. Ɗakin sanyi ba zai riƙe tumatirin Fabrairu har zuwa tsadar watan Yuni ba. Wanda ya ƙosa bai yi ja ba yakan yi mako biyu zuwa uku, jajaye kuwa kimanin mako guda. Amfanin ɗakin shi ne ya ba manomi damar jiran kasuwa ta gaba, ko tara kaya har su cika mota, ko ƙin sayarwa a farashin wulaƙanci. Wanda ke son ajiyar watanni, shanya tumatir a wuri mai tsabta ita ce hanyarsa.

Mataki Na Biyu: Zaɓen Wuri

A zaɓi tudu, inda ruwan damina ba ya kwanciya, ba cikin fadama ba. Wurin ya kasance mota za ta iya zuwa bakin ƙofa a kowane lokaci na shekara, kuma yana kusa da kasuwa ko inda manoma ke tara kaya, tunda kowace sa'a da kaya suka yi a rana kafin su shiga sanyi tana rage kwanakin da za su yi a ajiye. A nisanci bola, da mahauta, da injin niƙa, da wurin da ake dafa mazarƙwaila, saboda ƙuda da ƙura da hayaƙi.

Idan sabon gini ne, a tsara shi yadda dogayen bangayensa za su fuskanci kudu da arewa, gajerun kuma gabas da yamma, don rage faɗin bangon da hantsi da ranar la'asar ke duka. Ƙofa kada ta kalli yamma. Idan tsohon ɗaki ne za a gyara, wanda ke tsakiyar wasu ɗakuna ya fi wanda ke gefe shi kaɗai. A duba ko akwai tsagewa a bango, ko yoyo a rufi, ko gidan gara, ko ramin ɓera, a gyara su baki ɗaya. A toshe dukkan tagogi da bulo, domin ɗakin sanyi ba ya buƙatar taga.

Bugu da ƙari, a yi rumfa a gaban ƙofa. A nan ne za a riƙa sauke kaya a inuwa, a tsince ruɓaɓɓu da fasassu, a juye su daga kwandon kaba zuwa kwandon roba. Tumatir guda da ya ruɓe yana iya ɓata kwando, kuma sanyi ba ya warkar da abin da ya riga ya lalace.

Mataki Na Uku: Rufi Da Bango

Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Da bazara, a watannin Maris da Afrilu, zafin rana a wannan yanki yakan haura digiri 35, kwanon rufi kuma yakan yi zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba. Bulon siminti, ko da an yi masa filasta ciki da waje, ba ya tare zafi yadda ake zato. Ana buƙatar a lulluɓe ɗakin daga ciki da abin da ke hana zafi ratsawa.

Mafi inganci su ne allunan da aka yi musamman don ɗakin sanyi, masu falle biyu na ƙarfe da soson foliyuretan a tsakiya. Ga ɗakin da sanyinsa bai kai na ƙanƙara ba, kaurin santimita 10 ya wadatar. Idan kuɗi bai kai ba, ana iya amfani da farin soson nan mai sauƙi, irin wanda ake samu a cikin kwalin talabijin, amma sai an ƙara kaurinsa zuwa kimanin santimita 15, a jera shi falle biyu yadda mahaɗar na sama ba za ta hau kan ta ƙasa ba, sannan a rufe fuskarsa da fallen ƙarfe ko na roba mai wankuwa. Ƙaiƙayin shinkafa da garin katako su ma suna tare zafi, sai dai suna jan laima da gara da ɓeraye, don haka ba su dace da ɗakin da ke da inji ba.

Ga misali don a ga bambanci. A ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, da tsayin mita 2 da rabi, wanda zai ɗauki kimanin tan huɗu zuwa biyar na tumatir a kwandunan roba. Idan waje yana digiri 38 ana son ciki ya zauna a 13, zafin da zai ratso ta bango da rufin da ba a lulluɓe ba ya kusa kilowat 3. Idan aka sanya allunan santimita 10, abin da zai ratso bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Ma'ana, a ɗakin da ba a shirya ba, mafi yawan ƙarfin injin yana tafiya ne wajen kokawa da rana, kaɗan ne ke kaiwa ga kaya.

Rufi ya fi bango buƙatar kulawa, tunda shi rana ke duka tun hantsi har la'asar. A yi sili mai lulluɓi a ƙarƙashin kwano, a bar tazara tsakaninsu mai kafofin shan iska ta gefe biyu, a sa raga don hana tsuntsaye da ɓeraye. A shafa wa kwano da bangon waje farin fenti. Idan za a yi amfani da sola, jera farantan a saman rufi yana ƙara yi wa ɗakin inuwa.

Mataki Na Huɗu: Shingen Laima

Kowa ya san yadda kwalbar ruwan sanyi ke yin gumi idan an fito da ita daga firiji. Ruwan da ke jikinta laimar iska ce da ta taɓa abu mai sanyi ta koma ruwa. Irin wannan ne ke faruwa a cikin bangon ɗakin sanyi, musamman daga Yuni zuwa Satumba. Laimar waje tana ratsa bulo tana neman sanyi, idan ta isa cikin soso sai ta zama ruwa. Jiƙaƙƙen soso ba ya tare zafi, kamar yadda jiƙaƙƙen bargo ba ya maganin sanyi. A hankali katako ya ruɓe, ƙarfe ya yi tsatsa, funfuna ta kama, alhali daga waje ba a ganin komai.

Maganin wannan shi ne a shimfiɗa leda mai kauri, irin wadda magina ke sawa a ƙarƙashin daɓe, a tsakanin bulo da soso. Wajibi ne a lura da wannan ƙa'ida: ledar tana zama ne ta ɓangaren zafi, wato ta wajen soso, ba ta cikin ɗaki ba. Idan aka juya tsarin, an tare ruwan ne a cikin soso. Ledar ta zagaye bango da sili da ƙasa ba yankewa, a ɗora bakin wata a kan wata da kamar santimita 15, a manne da salatif mai ƙarfi. Allunan ƙarfe ba sa buƙatar leda, domin ƙarfen da kansa shinge ne, amma dole a cike dukkan mahaɗarsu da gam na silikon. Duk inda waya ko bututu ya huda bango, a toshe kewayensa tsaf.

Kada a yi gaggawar lulluɓe sabon gini. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya yi ƙarfin da ake buƙata, filasta ma tana son ta bushe sarai. Wanda ya rufe ɗanyen bango da leda ya kulle ruwa ne a ciki.

Mataki Na Biyar: Daɓe Da Magudana

Daɓen ɗakin ya ɗara ƙasar waje tsayi. Tsarinsa daga ƙasa zuwa sama shi ne: ƙasar da aka daddaɓe aka yi wa maganin gara, sai leda, sai soso mai tauri na santimita 5 zuwa 10, sai kankare mai kaurin kamar santimita 10 a sama. A goge fuskarsa ta yi sumul don sauƙin wanki, amma kada ta yi santsin da za ta kayar da mai ɗauke da kaya. A karkatar da shi kaɗan, kimanin santimita ɗaya a kowace mita, zuwa ga magudanar ruwa.

Magudanar tana buƙatar lanƙwasa mai riƙe ruwa, irin ta ƙarƙashin wurin wanke hannu, don kada iskar waje da wari su biyo ta cikinta, da kuma raga a bakinta na waje. Shi ma injin yana zubar da ruwa daga ɓangarensa na ciki, saboda haka a tanadar masa bututun da zai fitar da ruwan waje tun kafin a rufe bango. Mahaɗar daɓe da bango a yi ta da lanƙwasa, kada a bar lungun da datti zai maƙale.

Mataki Na Shida: Ƙofa

Ƙofar katako ko ta ƙarfe irin ta shago ba ta dace ba. Ana buƙatar ƙofa mai soso a ciki, mai kauri daidai da na bango, da roba zagaye da bakinta wadda ke mannewa idan an rufe. Ƙofa ɗaya ta isa, kuma kada faɗinta ya wuce abin da zai ba mutum mai ɗauke da kwando ko baro damar wucewa. A rataya labulen roba mai tsaga-tsaga ta ciki, domin duk lokacin da aka buɗe ƙofa iska mai sanyi tana zubowa waje ta ƙasa, mai zafi tana shiga ta sama.

Akwai sharaɗin da ya shafi rai, wanda ba a sassauta shi: dole ƙofar ta kasance ana iya buɗe ta daga ciki ko da an kulle ta daga waje. Ɗakin da aka toshe ko'ina ba ya shigar da iska, ba ya fitar da sauti. A hana yara shiga, kuma mai gadi ya leƙa ciki kafin ya sa kwaɗo.

Mataki Na Bakwai: Mazaunin Inji Da Wutar Lantarki

Injin yana da ɓangare biyu. Na ciki yana da fanka mai hura sanyi, ana rataye shi a sama, nesa da ƙofa, yadda iskarsa za ta bi tsawon ɗakin ta saman kaya. Na waje, wanda ke ɗauke da kwamfiresa, shi ke zubar da zafi, don haka a gina masa dakali a inuwa, a wuri mai iska, a bar sarari kewaye da shi, a kewaye shi da kejin ƙarfe saboda ɓarayi da awaki. Kada a kulle shi a ƙaramin ɗaki, domin zai riƙa shaƙar zafin da ya fitar. Da hunturu ƙura kan toshe haƙarƙarinsa, sai an riƙa share shi a kai a kai. Tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta zama gajera.

Na'urar sanyaya ɗaki ta gida ko ofis yawanci ba ta sauka ƙasa da digiri 16, kuma tana busar da iska, don haka ba ta wadatar da kabeji ko tattasai ba. Haka kuma a yi hattara da tsofaffin injuna na hannu masu amfani da gas ɗin R22. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Nijeriya ke cikinta, ƙasashen duniya na kan hanyar daina amfani da wannan gas, kuma wanda ya sayi irin wannan inji zai sha wahalar samun gas nan gaba.

Dangane da wuta, ɗakin da ke sanyi da rana ya ɗume da dare ya fi cutar da kaya, domin sukan yi gumi su ruɓe. Wanda zai dogara da wutar kamfanin KEDCO, mai rarraba lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, ya tanadi na'urar daidaita ƙarfin wuta da kuma janareta ko sola na ko-ta-kwana. A wannan yanki, farantan sola masu ƙarfin kilowat ɗaya sukan ba da kimanin yunit 4 zuwa 5 a rana. Injin da ke cin kilowat 2 na tsawon sa'a 12 yana buƙatar yunit 24, wato farantai na kilowat 5 zuwa 6, ban da batiran dare. A nan ma ingancin ɗaki ne ke rage yawan farantai da batiran da za a saya. A sa wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta, a yi amfani da fitilun da ba sa zafi kuma ruwa ba ya shigarsu, makunni kuma ya kasance a waje.

Yadda Ake Ƙiyasta Girman Inji

Sai an kammala matakan da suka gabata ne za a iya sanin girman injin da ya dace. Mai sayar da inji na ƙwarai zai tambayi girman ɗaki, da kaurin lulluɓinsa, da irin kaya, da nauyin da zai riƙa shiga a kowace rana, da zafin da yake shigowa da shi. Wanda ya yanke farashi bai yi waɗannan tambayoyi ba, a yi taka-tsantsan da shi.

Sauko da tan ɗaya na tumatir daga digiri 30 zuwa 13 yana nufin kwashe zafi na kimanin yunit 19. Idan tan biyu ke shiga kullum, ana kuma son su huce cikin sa'a 12, ana buƙatar ƙarfin sanyaya da ya ɗan haura kilowat 3 domin kayan kaɗai, kafin a haɗa da na bango da ƙofa. Amma idan aka tsinke tumatirin da sassafe yana digiri 22, aka kuma ajiye shi a inuwa, nauyin ya ragu da kusan rabi. Inji ƙarami ba zai huta ba. Wanda ya yi girma da yawa kuma zai riƙa tashi yana mutuwa a kai a kai, abin da ke gajiyar da kwamfiresa, ga asarar kuɗin saye.

Gwaji Kafin Shigar Da Kaya

Kafin a girka inji, mutum ɗaya ya shiga ɗakin da tsakar rana, wani na tsaye a waje, a rufe ƙofa a kashe fitila. Duk inda ya hango haske, kafa ce da za a toshe. A maƙala takarda a bakin ƙofa a rufe, a ja ta. Idan ta zare cikin sauƙi, robar ba ta kama ba. A zuba bokitin ruwa a daɓe a ga ko zai bi magudana.

Bayan an girka inji, a bar shi ya yi aiki kwana biyu ɗakin ba komai, a riƙa rubuta abin da ma'aunin zafi ya nuna safe da rana da dare. A rataye ma'auni biyu, ɗaya kusa da ƙofa ɗaya a ƙurya. Sannan a kashe injin a ga saurin da ɗakin ke ɗumewa, a kuma shafa bangon waje a ji ko akwai wurin da ya yi sanyi ko gumi, domin wannan alama ce ta giɓi a cikin lulluɓi. Wajen jera kaya, a ɗora kwanduna a kan katakon da ya ɗaga su daga ƙasa, a bar santimita 10 zuwa 15 tsakaninsu da bango, kada kuma a tare gaban fanka.

Inda Babu Halin Sayen Inji

Akwai hanyar sanyaya da ba ta buƙatar wuta, wadda ta dace da rani, lokacin da iska ke bushe. Ita ce hikimar da ke sa ruwan randa sanyi. Malam Mohammed Bah Abba, wani malami daga Jihar Jigawa, ya yaɗa tsarin tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana faɗaɗa wannan dabara ta hanyar gina bango biyu na jan bulo da yashi a tsakiya, ko bukka mai bangon gawayi da ake yayyafa wa ruwa. Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Nijeriya, wato NSPRI, mai hedikwata a Ilorin da reshe a Kano, ta yi aiki a kan irin waɗannan ma'ajiyai. Suna ƙara wa tumatir kwanaki daga Nuwamba zuwa Afrilu, amma ƙarfinsu yana raguwa da zarar damina ta kankama. Shirinsu kishiyar na ɗakin inji ne: su iska suke so ta ratsa su, shi kuwa toshewa yake so. Kada a haɗa tsarin biyu a ɗaki guda.

Jan Hankali Ga Jami'ai Da Shugabannin Ƙungiyoyi

Jami'an sashen aikin gona da na ayyuka a ƙaramar hukuma, da malaman gona na hukumar KTARDA, da shugabannin ƙungiyoyin gama kai, su ne ke tsaye tsakanin manomi da ɗan kwangila. Ya kamata takardar kwangila ta fayyace irin lulluɓi da kaurinsa, da shingen laima, da irin ƙofa, da digirin da ɗakin zai riƙe a watan Afrilu yana cike da kaya. A duba leda da soso da ido kafin a rufe su, tunda bayan an rufe ba mai iya gani. Kada a biya kason ƙarshe na kuɗi sai bayan gwajin kwana biyu.

Haka nan a tsayar da magana a rubuce game da mallakar fili, da wanda zai riƙe makulli, da makanikin da za a kira idan inji ya tsaya, da kuma inda kuɗin gyara zai fito. Kamfanin ColdHubs, wanda Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015, yana tafiyar da ɗakunan sanyi masu sola a kasuwannin Nijeriya bisa tsarin biyan kuɗi a kan kowane kwando a kowace rana. Ƙungiya na iya ɗaukar irin wannan tsari, ta ware wani kaso na kuɗin shiga domin gas da batir da gyara. A kuma yi tunanin abin da ɗakin zai riƙa ajiyewa bayan kakar tumatir ta wuce, don kada ya zauna a rufe rabin shekara.

Kammalawa

Jerin aikin a taƙaice shi ne: a tantance kaya, a zaɓi wuri, a gyara gini a bar shi ya bushe, a sa shingen laima ta ɓangaren zafi, a lulluɓe rufi da bango da daɓe, a sa ƙofa mai kamawa wadda ke buɗuwa daga ciki, a tanadi wuta, sannan a ƙarshe a ƙiyasta inji a saya. Idan kuɗin da ke hannu bai isa a yi duka a lokaci guda ba, gara a kammala ɗakin bana a sayi inji baɗi, ko a rage girman ɗakin a yi shi da inganci. Ana shawartar duk mai niyyar wannan aiki da ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma tun kafin a haƙa harsashi, kuma ya fara aikin da kaka, domin ɗakin ya bushe a gwada shi kafin tumatirin Janairu ya fara shigowa kasuwa.